Matakala Uku

A unguwarmu ta Iskandariyya,
inda iskar teku ke cin ƙarfe yadda gara ke cin zana,
akwai tashar da ba ma kira da sunan da ke kan allo.
Tashar Agogo muke cewa,
don agogonta ya tsaya a huɗu da kwata
tun ban iya ɗaura ɗankwali ba,
ba kuwa wanda ya kafa tsani ya tambaye shi dalili.

Kakata ta ce da can alfadarai ke jan taragon.
Da aka ja waya a sama,
tsofaffi suka rantse ba su hawa abin da walƙiya ke tuƙawa.
Mako guda suna sayyada a ƙasa
kafin gwiwa ta ba su shawara.

Ubana shekara ashirin da shida yana yagar tikiti,
yana lasar babban yatsa kafin kowace takarda.
Jakarsa ta fata na nan bayan ƙofa,
da kwabbai biyu da ba sa sayen komai yanzu.

Amma ni abin da na sani game da tashar, matakala ne.
Uku.
Ta tsakiya ta gutsure a gefen hagu.
Shukri ƙanena, shan inna ta karɓe masa ƙafafu yana shekara huɗu,
na goya shi har ya fi ƙarfin goyo,
sannan keke ya zo, nauyi ya ƙaru.
Kullum sai Baba Tadros mai gasa masara
ya bar garwashinsa ya kama tayar gaba,
ni baya, wani baƙo gefe,
direba na kaɗa ƙararrawa kamar mu muka gina matakalar.
Shukri ya kafe ido a rufi yana na gode, na gode,
har kalmar ta sile a bakinsa kamar tsohon kwabo.

Sai wata safiya muka tarar da shingen kwano.
Wata tara, in ji takardar da suka manna.
Damina biyu ta wanke takardar.
Masu hular kwano suka haƙa, suka tono tsohon dogo a ƙarƙashin dogo,
da takalmin alfadari guda, duk tsatsa.
Suka sare ɓauren da muke fakewa.
Agogo kuwa na ga an kwantar da shi a bayan tifa,
fuska sama, har yanzu huɗu da kwata.
Baba Tadros ya koma kwanar kantin magani,
inda hayaƙinsa ba ya kai wa hancin masu jira.

Ranar buɗewa ban yi guɗa ba.
Rumfar gilashi ba ta hana rana,
bencin an karkata shi don kada mai gajiya ya kishingiɗa,
allo mai haske yana cewa saura minti uku,
wani sa'in gaskiya yake faɗa.

Jirgi ya iso ba ƙara.
Ƙofa ta buɗe, bakinta daidai da dandamali,
ko tsinin allura ba tudu.
Na miƙa hannu ga mariƙin keke, na damƙi iska.
Shukri, mai furfura a gemu,
ya murza tayarsa da kansa ya shige,
bai gode wa kowa ba.
Daga ciki ya waiwayo:
Bahiyya, jiran me kike? Zai rufe fa.

Na tsaya da hannaye biyu da ban san inda zan ajiye su ba.

Har yau Tashar Agogo muke cewa,
yara na tambaya, wane agogo?
Ni kuma duk na zo daidai wurin,
sai bayana ya sunkuya ba da izinina ba,
ƙafata ta ɗaga, tana neman ta tsakiya,
mai gutsure a gefen hagu.