Karayar da Ba Ta Kumbura

A Aliero aka haife ni,
garin albasa, garin masu ɗori.
Daga Kamba, daga Zuru
ana kawo masu karaya a bayan akori-kura,
su koma gida da ƙafafunsu.
Ni kuwa wata bakwai ina kwance a zaure,
ba ƙashin da ya goce,
ba inda zan nuna in ce nan ne.

Bara albasa ta ruɓe mini a rumbu,
bashi ya kawo iya wuya.
Ranar da Luba ta tafi suna Jega
na ɗauki keken ɗinkinta na sayar.
Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi!
Sai dai tuwo ya zo a rufe,
kwano ya koma a rufe,
gaisuwa ta zama kamar ta maƙwabta.

Ƙanena Arzika ya sa ni a mota.
Birnin Kebbi, ɗaki mai fanka mai ƙara,
da wata likita, Saratu, 'yar Dabai.
Na miƙa hannu a auna jini,
ta ce, "Bari hannun. Yaushe rabonka da barci?"
Na ce lafiya lau nake.
Ta yi shiru, irin shirun da ba ya kora,
har na ji bakina yana faɗin keke.

Ta ce sunansa ciwon damuwa.
Ashe yana da suna.
Ni da na ɗauka lalaci ne,
ko raunin imani.

Talata bayan Talata take ɓare ni,
ɓawo bayan ɓawo.
Manomin albasa ya san yajin ido,
amma ban san na wannan ba.

A zuwa na shida ta ce in zo da Luba.
Ta zauna can bakin benci, mayafi har goshi.
Da ƙyar ta ce,
"Ba keken ba ne. Da ka tambaya, da na ba ka."
Fanka ta yi ta juyawa.

Ban warke ba tukuna.
Masu ɗori ma cewa suke a yi haƙuri,
ƙashi ba ya haɗuwa ran da aka ɗaure shi.
Jiya dai na fita fadama da asuba,
na dawo na tarar da kwanona a buɗe,
tana zaune kusa da shi,
tana korar ƙuda.