Sikelin Dare

Shekara sha bakwai ina bakin sikeli,
buhun gyaɗa ya hau, in dubi allura, in rubuta.
Ba manomin da ya taho tun daga Madarunfa
ya koma yana cewa Lawali ya ƙware shi a awo.

Ran Alhamis aka kira mu biro, mu tara.
Patoro bai ɗaga kai ba.
Ya ce man waje ya cika kasuwa,
gyaɗa ta yi tsada, hannuwa sun yi yawa.
Na sa hannu a takarda,
na rataye rigar aiki a ƙusar da na kafa da kaina.

Jika ɗari da tamanin, kuɗin sallama.
A banki yarinyar ta ce, ɗari uku da sittin ne, Baba.
Na ce sake dubawa.
Ta juyo mini gilashin: sau biyu suka zuba,
ƙarfe goma, sai kuma goma da minti huɗu.

Minti huɗu.
Abin da nake wata uku ina gumi kafin in gani.

Na biyo ta Mokoyo a ƙasa, ban hau kabu-kabu ba,
aljihu na zafi kamar na dumtsi garwashi.
Rabe mai shayi ya ce, rabon kwaɗo ba ya hawa sama,
daren kaka nawa ka kwana cikin mangaza
kana gadin buhunan wani, ba ko dala?
Ba kuskure ba ne, bashinka ne ya gane hanyar gida.

Hasiya ba ta ce riƙe ba, ba ta ce mayar ba.
Ta aje tuwo, ta zauna gefen tabarma,
ta ce haya wata biyu, ta ce kuɗin lakkal ɗin Sa'a,
a hankali, kamar mai kiran sunayen ƴaƴanta.

Da dare sikelin ya biyo ni ɗaki.
In aza dararen kaka, ya rinjaya nan.
In aza hannun da na sa a takarda, ya koma can.
Allurar ta ƙi tsayawa har kiran assalatu.

A ƙofar masallaci na ga Tsahiru kontabul.
Ya durƙusa ya gaishe ni, kunya ta hana shi duban idona,
shi da ya buga sunana cikin waɗanda aka rage.
Bai sani ba tukuna. Ƙarshen wata zai sani.
Bara da damina muka ɗaura masa aure,
matarsa yanzu da ƙyar take sunkuyawa.
Na san patoro, ruwa ba ya zuba daga tulunsa,
daga kofin yaron nan za a cike gurbin,
wata bayan wata.

Ban yi barci ba, na buɗe akwati.
Ƙarƙashin rigunan salla akwai tsohon littafina,
kowane dare da ranarsa, mai awo ba ya rasa rubutu:
ɗari biyu da sha huɗu.

Na kai su tare, kuɗin a leda, littafin a hannu.
Na ce wannan naku ne, ku ƙirga.
Wannan kuma nawa ne, shi ma ku ƙirga.
Ledar ta shige aljihun tebur nan take.
Littafin, ya ce, za mu duba.

Yau kwana ashirin, ana dubawa.
Mai gidan haya ya zo sau biyu.
Rabe ya daina yi mini maganar, yana dai ƙara mini sikari.

Abin da ban gaya wa kowa ba:
da zan fita, na ga yaron da suka sa a sikeli,
allurarsa ta gota sifiri da rabin kilo.
Na wuce. Na kai har ƙofa.
Na dawo na gyara masa.