Bashin Ɗanjuma

A Tudun Hatsi, bayan la'asar,
Kawu Jalo ya daki buhun wake da tafin hannu:
"Na'urarki ta yafe wa Ɗanjuma bashi.
Buhu bakwai! Ni ban yafe ba."

Na duba. Babu Ɗanjuma,
babu Ɗahiru mai awo, babu Ɗanladi direban Kumo.
Duk mai suna da ƙugiya a ka
ya zurare daga lissafi kamar ruwa a kwando.
Manga kuwa yana nan, da mudu ukunsa.

Na tuhumi kaina kwana guda
kafin na gane aikin tafinta ne,
wannan da ke tsaye
tsakanin abin da na rubuta da abin da ƙarfe ke ji.
Ba shi da ubangida. Gonar gayya ce,
kowa da fartanyarsa:
wani na huɗa lokacin da muke barci,
wata na shuka a inda ƙanƙara ta toshe ƙofa.

Dare uku a Jekadafari.
Wuta ta zo ƙarfe ɗaya, ta gudu kafin assalatu.
Ina bin sawun ƙwaron layi bayan layi
kamar mai tsintar tsakuwa a faifan shinkafa,
sauro na karɓar harajinsa a idon sawuna.

Layi na dubu biyu da ɗari huɗu da sha ɗaya.
Wani bawan Allah, shekara tara baya,
ya rubuta: harafi ɗaya, kujera ɗaya.
A garinsu gaskiya ya faɗa.
Amma ɗ tamu mai goyo ce,
kujera biyu take ci a mota.
Sai tafinta ya ɗauki uwa, ya bar ɗa a tasha,
da ya ga abin ya rikice
ya sauke sunan duka, ya yi gum.

Gyaran layi huɗu ne.
Wasiƙar bayaninsa ta fi shi tsawo.
Marit, mai tsaron ƙofar rumbu, ta amso da safe:
"Madalla. Ina gwaji?"
Na jera mata ƙasa da kasa,
ɓari da bari, ƙura da kura.
Ta ce, "Da gaske waɗannan sun bambanta?"
Na ce ɗaya da tsintsiya ake korar ta,
ɗaya kuwa akuya take ci.

Sau biyu ta dawo min da aikin
saboda waƙafi guda da tazarar da ta yi yawa.
Na yi tsaki, na sha kunun gyaɗa, na gyara.
Ran Talata aka haɗe shi da uwar gona.

Da na ga ƙofa a buɗe sai na ƙara roƙo:
in an jera sunaye, ɗ ta bi bayan d,
a daina tura ta ƙarshen sahu
kamar wanda ya makara a sallar Juma'a.
Suka ce wannan sabon ɗaki ne, sai an auna fili.
Wata biyu ke nan ana awo.
Jiya wani Hamadu daga Garwa ya sa baki:
"Mu ma da ita muke rubuta Fulatanci."
Mun zama biyu.

Ɗanjuma ya dawo da buhunsa bakwai cif.
Ya tare ni a bakin kasuwa, hula a ƙeya:
"Ke ce kika tono ni?"
Ya biya biyu. Sauran, wai, sai kaka.

Da daddare na buɗe jerin masu gayya.
Can ƙasa, tsakanin sunaye biyu
da harshena bai iya murɗawa ba,
ga nawa: Ɗayyiba,
goyonta a baya, ba wanda ya sauke ta.