Yatsa na Shida

Kawu Cindo faci yake yi a Titin Faransa,
inda Sabon Gari ke riga zakara tashi.
Shida-shida Allah ya ƙirga masa a hannu.
In an tanka sai ya ce: gyara aka yi wa uwata,
ta daɗe tana ciniki wuri guda.

Da yana ta rufe masa baƙaƙe
ni aka ɗora wa karatu bayan sujadar yamma,
kan benci mai warin roba da sholisho.
Ba ruwansa da jerin wane ya haifi wane.
"Godiya, tsallake. Nemo min mutanena."

Mutanensa ke nan:
bahagon da ya ɗaure wuƙa a cinyar dama,
da sarkin da tumbinsa ya haɗiye ta har ƙota.
Mai sanƙon da yara suka yi wa ature
sai daji ya turo musu amsa mai farata.
Nan Kawu kan shafa tsakar kansa
ya harari yaran da ke ratsa layin da gudu.

Jakar nan da ta ga mala'ika, mai gani bai gani ba,
ta buɗe baki ta nemi ba'asin duka uku.
"Ba maganar jakar ce ke ɗaure min kai ba.
Mutumin! Ko gezau, ya hau ba ta amsa
kamar dama sun saba hira a hanya."

Saurayin da wa'azi ya yi wa tsawo
ya yi gyangyaɗi a taga, ya rikito daga hawa na uku.
Aka tashe shi da rai. Mai wa'azin ya koma sama,
ya gutsuri gurasa, ya ɗora daga inda ya tsaya
har gari ya waye.
Kawu ya yi dariya har da tari:
"Naɗe wannan shafin, Fasto zan kai wa."

Malam Sabi'u mai shayi yakan kasa kunne
yana shiƙar ruwan zafi daga kofi zuwa kofi.
Da muka zo kan kifin ya ce, "Wannan na san shi, muna da shi."
Da gatari ya faɗa kogi, mai shi na kukan na aro ne,
ƙarfe ya taso yana iyo kamar ɓawon gyaɗa,
ya ajiye buta: "Wannan bawan Allah ya san zafin kayan aro."

Sai daren da aka ɗauke wuta.
Ina bin layi da fitilar waya na yi karo da shi:
wani ƙato a fagen yaƙi,
yatsu ashirin da huɗu, hannu da ƙafa.
Ya yi zagi, aka kashe shi.
Layi biyu. Ba suna.

Janareton maƙwabta kaɗai ke magana.

"Sake."
Na sake.

"Sun ƙirga yatsunsa, ba su tambayi sunansa ba.
Wa ya ƙirga? Wanda ya tsaya kan gawa.
Amma wata ta riga shi, Godiya.
Ranar da ya faɗo duniya ta ƙirga, ta kuma ƙirgawa,
wanzami ya zo da aska ranar suna
ta ce a bar mata ɗanta yadda aka aiko shi.
Tawa haka ta yi."

Ya miƙo min biro daga bayan kunne.
"Ba na ce mutumin kirki ba ne. Ban sani ba.
Amma da a garinmu aka haife shi, da yana da suna.
Rubuta masa a gefe."

Yanzu rigunan waya ake sayarwa a rumfar.
Malam Sabi'u ya koma Kurna wajen 'ya'yansa.
Littafin na wajena, bangonsa baƙi ƙirin da man taya,
a gefen shafin, da rubutuna na 'yar aji biyar,
Cindo,
da'irar ƙarshen ta ɗan karkace
don wayar na rawa a hannuna.