Gwangwanin da Sabi'u Ya Kawo

Sabi'u ya dawo daga ƙasar Sin
da kwalayen gilasan waya.
Ni rabona ɗan jan gwangwani,
rubutun jikinsa kamar sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Asubar Jos ba ta san wasa ba.
Sanyi ya gangaro daga duwatsun Shere,
ya zauna mini a gwiwa.
Na ɗora butar shayi.

Ganyen baƙi wuluk, a murɗe.
Da tafasasshen ruwa ya taɓa shi
sai ya yi miƙa,
ruwan ya rine
kamar kududdufin kuza bayan an sha ruwan Agusta.

Kurɓar farko, ɗaci ya mari harshena.
Na ce yaron nan ya cuce ni.
Ta biyu, hayaƙin itace,
ƙanzon gindin tukunya,
sai can ƙasan maƙogwaro
wani zaƙi mai zuwa a makare,
irin na ruwa bayan goro.

Lantana ta miƙo madara da sukari.
Na ɗaga mata hannu:
baƙo ne, bar shi ya yi magana da bakinsa.

Motar farko ta wuce Taminus,
ban motsa ba.
Na sake zuba wa ganyen ruwa.
Ashe bai gama zancen ba.