Lissafin Dare a Garwa

Bayan isha nake buɗe littafin,
mai koren bango, wanda shayi ya ɓata gefensa.
Layi ɗaya kullum, alkawarin da na yi wa kaina ke nan.
Wani daren layin yakan ƙi fita,
kamar ina tatsar saniyar da ba ta san hannuna ba.

Mu huɗu ne a ɗakin da ke saman kantin magani:
Sali mai rubuta manhaja, Bobbo mai farautar jari,
Astajam mai amsa waya, sai ni
da aikina ba shi da suna a gidanmu.
Inna ta ce, "To kai me kake sayarwa?"
Na ce, ni ne mai cewa a gina wannan, a bar wancan.
Ta ce, "Wato kai ne mai nuni da baki."

Mako uku muka kashe a kan maɓalli guda,
shuɗi, sumul,
don masu kifin Lagdo su riƙa rubuta bashin da suke bi.
Na kai wa Dudu a kasuwa, tana jera banda a faranti.
Ta goge hannu da zani, ta karɓi wayar, ta jujjuya ta,
ta ce, "Ina wurin da zan yi magana?"
Ba ta karanta boko.
Ni kuma ban taɓa tambaya ba.
A daren na rubuta:
wanda rigarsa ba ta ɗauki ƙaurin kifi ba,
kada ya zana wa mai kifi komai.

Ran Laraba wani mai motocin auduga ya hau bene,
ya ajiye sefa a tebur, damin ya kai gwiwar hannu.
A ƙara masa wurin lissafin man fetur, in ji shi, da na taya.
Bobbo ya dube ni, idonsa na lissafin kuɗin haya.
Na ce a'a.
Har yanzu ban san ko daidai na yi ba.
Na dai san kwalekwale ɗaya ba ya bin gaɓa biyu,
kuma Bobbo bai yi mini magana ba sai Juma'a.

Mutum ɗari uku da sha biyu suka sauke manhajarmu.
Muka sayi tsire, muka yi ta tafi.
Tara ne suka dawo.
A cikin taran, ɗaya ƙanena ne.

Akwai ranar da kuskurenmu ya ninka bashin Hamajoda,
dubu arba'in ta koma tamanin,
har suka kama wuyan riga da abokin cinikinsa na shekara goma.
Sali ya gyara cikin minti bakwai.
Ni na yi kwana biyar ina gyarawa,
a kan benci, a zafin Afrilu, ina ba da haƙuri.
Da zan tafi ya ƙunsa mini tarwaɗa biyu a takarda,
ya ce, "Injinku ya yi ƙarya, amma kai ka zo."
Wannan ban rage masa ko harafi ba.

Yau an ɗauke wuta tun la'asar.
Abin da ya rage a asusu zai kai mu wata huɗu,
in ba a ƙara kuɗin haya ba.
Na tsaya a kan gada ina kallon Binuwai,
ta janye, ta bar yashi, yara na ƙwallo a tsakiyarta,
wani siririn ruwa yana ta laluben hanya a gefe.

Na dawo na kunna fitilar waya a kan littafin.
Sauro ya fi ni abin faɗa.
Na rubuta: gobe ka koma wurin Dudu,
kada ka nuna mata komai.
Ka zauna, ka taya ta korar ƙuda.