Takardar Bango

A bangon ofishinmu akwai takarda,
ƙusa guda ta riƙe ta a wuya.
Malam Ladan ke cika ta da jan biro:
safe, rana, dare.
Ita ke yanka mana wata kamar tsire,
wani ya sami tsoka,
wani ya tashi da tsinke.

Dare ya fi maiƙo, kowa ya sani.
Kwana bakwai ido biyu, alawus ya hau,
in biya Hajo bashin gero,
in ɗinke bakin mai gidan haya.
Watan da aka jera ni da safe zalla
nakan ƙoshi da barci,
tukunya kuwa ta rame.

Ran Talata tashina ƙarfe biyu ne.
Saura minti goma, har na tuɓe safar hannu,
waya ta yi kuka: Kwannawa,
tirela da a-kori-kura, mutum biyar a ƙasa.
Jiniya ba ta san agogo ba.
Jelani ya taka mota, kwalta na tafasa,
rana na gasa mu cikin ƙarfe kamar masa,
na durƙusa kan wani yaro mai kankana
ina danna ƙirjinsa ina ƙidaya,
talatin, numfashi biyu, talatin,
har muka shigo gari hannuna bai huta ba.

Ya rayu.
Sai bayan lisha na kankare jininsa daga farcena.

Awa shida da ɗoriya.
Na ce, Malam, ina za a sa su?
Ya gyara tabarau, ya dubi bango:
"Takarda ta ce ka tashi ƙarfe biyu.
Mi kaka so in yi? Babu gurbi."
Ba mugu ba ne.
Shi ma biron aka miƙa masa.

Da matar Modi ta fara naƙuda
na karɓar masa dare uku.
A na biyu muka ɗauko tsohuwa daga Arkilla,
ta riƙe min yatsa tana kira na da sunan ɗanta.
Bango dai Modi ya sani,
ƙarshen wata kuɗin suka bi sunansa.
Ya iske ni Mabera da magariba,
ya ciro su daga cikin hula, a jiƙe da zufa,
ya ƙirga a tafina.
Na mayar masa da rabi, na ce a ƙara a ragon suna.
Muka yi ta turawa juna
har ladan ya raba mu.

'Yata Saude ta tambaye ni jiya,
"Baba, kai da jemage wa ya koya wa wani?"
Na yi dariya, ban ba ta amsa ba,
ina lissafin awoyin da na ɗebo a kwando:
na hanyar Illela, na gadar Rima,
na daren ruwan da taya ta nutse a Dundaye.
Suna nan a gwiwata, suna nan a bayana,
can ne kawai aka rubuta su.

Yau ma ga ni gaban takarda,
jaka a kafaɗa, saura minti biyar.
Jelani ya dube ni, na dube shi.
Wayar na kan tebur.
Ba wanda ya ce uffan,
kada ta ji.